Hankicin da Ya Ƙi Bushewa

A Simalbesi, in ka ji ana labarin gudu a rumfar shayi ta bakin gada, ba sai ka leƙa ba, Dambar Bahadur ne. Shekara ashirin da biyu ya yi a Indiya, ya dawo da tumbi, da gashin baki mai lanƙwasa kamar ƙahon ɓauna, da labarin yadda yake tsere wa sojoji a kan tsauni da kwandon duwatsu a baya. Waɗanda suka je can neman aiki sun ce lallai a bariki suka gan shi, amma a ƙofar ɗakin girki, yana korar karnuka. Ni dai ban taɓa musa masa ba. Yayan matata ne, Dilmaya, wadda ta rasu bara ana tsakiyar yankan shinkafa.

Bayan rasuwarta na yi abin da kowa ke yi wa nasa. Na gina dakalin dutse da sunanta a bakin hanya, don mai kaya ya sauke ya huta, ladan ya isa gare ta. A tsohuwar hanyar hawa tsauni na gina shi, tafiyar sa'a guda daga gari, ƙarƙashin bishiyar da take jingina kwandon ciyawarta. Da bayana na ɗauko duwatsun, ɗaya bayan ɗaya. Ban gama ɗora na ƙarshe ba aka buɗe hanyar mota ta bayan tsauni, kowa ya koma hawa jif. Wata da watanni dakalin nan bai ga ɗan Adam a kansa ba, sai birai da awakin Kaka Putali. Ita Kakar kullum ta nan take wucewa da ciyawa, amma ta ce shekararta tamanin, in ta zauna ba lallai ta tashi ba. Ni kuwa mai gini ne, zamana ba ya cikin lissafi.

Rannan a rumfar shayi abin ya fito mini daga baki. Na ce, "Saura wata biyu ta cika shekara da rasuwa, ko gajiyayye ɗaya bai zauna mata ba."

Dambar ya dire kofi. "Gajiyayyu kake nema, Purna? Nawa?"

"Ko ɗaya ma, Yaya."

"Ɗaya! Ƙanwar Dambar Bahadur guda, ɗaya? Hamsin zan kawo maka. Tseren tsauni zan shirya ranar cikar shekararta, irin wanda 'yan birni ke yi da lamba a ƙirji. Har birnin Pokhara sai an ji labari."

Matarsa Kaushila ita ce mai rumfar. Tana juya tukunyar shayi, ko waiwayowa ba ta yi ba, ta kira mijin da sunan 'yarsu. "Baban Sarita, mai tsere zama yake yi?"

"Zai sha ruwa."

"A tsaye. Ka taɓa ganin kare yana bin zomo ya tsaya ya harɗe ƙafa?"

"Ke dai kula da madararki kar ta zube. Harkar wasanni sai wanda ya yi bariki."

Na ce to a ƙare tseren a dakalin mana, kowa ya iso ya zauna. Ya dube ni kamar na taɓa masa gashin baki.

"Ciyaman ɗin garinmu zai hau tsauni da takalmin fata? Makaɗa fa? Masu hoto fa? A ƙofar gidana za a ƙare. Dakali yana kan hanya. Ko igiyar takalmi ce ta kwance wa wani, ai zai zauna ya ɗaure."

Na amince. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Washegari ya fara abin da ya kira atisaye. Ya zaro wani gajeren wando ja da ya saya tun yana da ƙugu, ya fito da sassafe yana sassarfa ta tsakiyar gari, tumbin na rigansa isa ko'ina. A garinmu kuwa babba ba ya gudu sai da dalili uku: gobara, damisa, ko ɓauna ta tsinke igiya. Mai injin niƙa ya ga ya wuce yana haki, ido waje, sai ya rarumi lauje ya bi shi. Maƙeri ya ga mutum biyu na gudu, ya fito da guduma. Kafin a kai gada mutum talatin ke bayansa, mata na buga kwanoni, ana ihu, "Damisa! Damisa!" Dambar ya ji an ce damisa, ya waiga ya ga laujuna a sama, ya ƙara mai. Ya faɗa kan gadar lilo da gudu, gada ta yi sama da shi ta yi ƙasa, ya durƙusa a tsakiya ya rungume wayar gadar yana kiran uwarsa.

Maƙeri ya iso yana huci. "Ina take?"

"Wa?"

"Damisar!"

"Ai ku kuka ce damisa!"

"To kai me ya koro ka?"

"Motsa jiki nake yi."

Maƙeri ya sauke guduma, ya dube shi sama da ƙasa. "Jiki kake son motsawa? Ga taki can kwando arba'in za a kai gona, ka zo in nuna maka."

Da yamma sai ga shi a rumfa ya miƙe ƙafa. "Kun gani da idonku. Rana ɗaya na sa mutum talatin gudu, har da mai ɗingishi. Wannan shi ake kira horarwa."

A jikin wata takarda da aka manna wa jif ya samo lambar Rojina, shugabar wata ƙungiyar masu gudun tsauni a Pokhara. Ya kira ta a rumfa, ya buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Ya yi mata bayanin kogi da gada da kurmi, da yadda ake hango ƙanƙara a kan manyan tsaunuka, har ta fara murna.

"To Kawu, hanyar kilomita nawa ce?"

"Ba ni kwana biyu, 'yata. Da kaina zan auna."

"Kana da agogo mai taswira?"

"Ina da abin da ya fi agogo."

Abin da ya fi agogo shi ne hankici. Haka 'yan dako na zamanin da suke awon hanya: ka tsoma hankici a ruwa, ka matse, ka rataya a kwandonka, ka yi ta tafiya. Inda ya bushe, kos ɗaya ke nan, wato kilomita uku da 'yar ɗoriya. Da wannan awo kakanninmu suka yi ta fataucin gishiri, ba wanda ya ce sun yi kuskure. Amma su busassun mutane ne kamar sandar gora, kuma a kwando suke rataya hankicin.

Dambar a wuya ya rataya nasa.

Muka tashi da hantsi. Damina na ban kwana, iska ta tsaya cik, gari na turiri kamar an buɗe tukunya. Ya tsoma hankici a kogi a gaban shaidu, ya matse, ya ɗaga kowa ya gani. Na nufi tsohuwar hanya, ya riƙo mini riga.

"Ina za ka? Miƙaƙƙiyar hanya ta masu ciyawa ce. Tsere sai da kwana-kwana."

Kwana-kwanan nan kuwa kowace da dalilinta. Muka haye gada muka hau tudun ƙetare, don hanya ta bi ta ƙofar gidan Khadga, wanda ya taɓa ce masa maƙaryaci a gidan biki. Muka sauko muka kama wani tudun, don ta bi ta gidan wata da ta ƙi aurensa shekara talatin da suka wuce. Matakalar dutse ɗari bakwai ce zuwa gidanta, na ƙirga. Duk matakala ashirin sai Dambar ya tsaya, ya zare hankici daga wuya, ya share goshi, ya share ƙeya, ya cusa cikin riga ya share tumbi, ya matse ruwa na tsiyaya, ya mayar.

"Yaya, kana jiƙa ma'aunin fa."

"Gumin soja ba ruwa ba ne, Purna. Taɓa ka ji."

Na taɓa. Da a kwano aka matse shi, da kaza ta sha ta ƙoshi.

"Da saura," in ji shi. "Bana kos ya yi tsawo."

Muka shiga kurmi, matsattsaku suka fito yi masa maraba, ya riƙa tsalle yana karkaɗe su da hankicin. Muka gangara wani rafi. Na ce mu bi ta kan gungumen da aka gitta. Ya ce a bariki irin wannan da mutum a kafaɗa suke tsallake shi. Ya ja da baya, ya taho, ya tashi. Ƙafa ɗaya ta isa ƙetare, sauran Dambar bai isa ba. Na jawo shi ta wuyan riga yana furzar da ruwa.

"Yanzu kam sai mu koma gada mu faro awo."

"Don me? Jiƙaƙƙe ya faɗa, jiƙaƙƙe ya fito. Me ya canja?"

Muka sake haye kogi ta gadar sama, muka yi ta hawa. Rana ta karkata sosai kafin mu ɓullo wa dakalin ta bayansa. Na ce ya zauna, ko shi ne ya zama na farko.

"Na gajiyayyu ne. Na yi maka kama da gajiyayye?"

Ya shimfiɗa hankici a kan dutsen, shi kuma ya jingina da bishiya a tsaye, hannu a ƙugu. Ya fara zamewa a hankali, a hankali, har ƙasa. Sai munshari. Da ya farka hankici ya bushe ƙayau. Ya zabura ya ɗaga shi sama.

"Ka gani! Kos ɗaya daidai, a kan dakalin ƙanwata! Ko injiniya sai haka."

"Sauran hanyar fa?"

Ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar tsauni, ya rufe ido ɗaya. "Daga nan zuwa can, kos ɗaya. Daga can zuwa ƙofar gidana, kos ɗaya. Uku ke nan."

"Ba za mu taka ba?"

"Idon soja ya taka."

Sai ga Kaka Putali ta gangaro da ciyawa, ba a ganin komai nata sai ƙafafu. Ta leƙo ta ƙarƙashin kayan. "Kai Dambare, da hantsi na gan ku a gada. Sawu uku na yi tun lokacin. Ta Indiya kuka biyo?"

"Awo muke yi, Kaka. Aikin ilimi ne."

"To ilimi ya bar matsattsaku a bayan kunnenka."

Da muka sauka ya kira Rojina ya ce kos uku ne cif.

"Kilomita goma ke nan, Kawu. Ai wannan mai sauƙi ce. Har sababbin shiga zan kawo."

"Kawo har da kakarki."

Na so in sa baki. Amma ni a aji biyar na tsaya, su kuwa maganar kilomita suke yi.

Saura alamun hanya. Da farko ya zana kibiyoyi da garin masara. Kafin rana ta yi tsaka kajin ƙauye uku sun cinye tseren. Sai ya ɗaɗɗaura jajayen ƙyallaye a rassa, ya manta cewa jan ƙyalle a bishiya alamar wurin bauta ne. Washegari ya tarar an zuba shinkafa da furanni a gindin kowace bishiya, wata tsohuwa ta duƙa a gaban ta bakwai tana roƙa wa jikarta miji. Da ya ce ta tashi alamar tsere ce, ta ce ya yi mata shiru, tun jiya ciwon gwiwarta ya ragu. A ƙarshe ya koma farar ƙasa. Ya zana kibiya a kowane dutse, manya-manya, yadda ko makaho zai laluba. Wannan kaɗai ya yi daidai a duk aikin, kuma shi ya jawo wa bayin Allah wahala, don da sun ɓata da sun huta.

Ranar ta zo. Jif uku suka sauke mutum arba'in da bakwai, maza da mata, sirara, takalma kala-kala, kowa da agogo kamar murfin gwangwani. An kafa ƙofar itacen ayaba a gaban gidan Dambar, an rataya sarƙoƙin furanni. Makaɗa da masu dogon ƙaho sun jeru. Ciyaman ya zauna a kujerar roba da takalminsa na fata mai ƙyalli, Kaushila ta cika faranti da sel roti, soyayyen ƙullin shinkafa irin namu, mai zafi. Dambar ya fito da jan wandonsa, lamba ɗaya a ƙirji, hankici a wuya.

"Ranka ya daɗe, kar ka yi nisa da shayin nan. Sa'a guda da rabi, ni zan fara shigowa ta ƙofar nan. Yaran kuma a yi musu haƙuri, su ma wata rana za su iya."

Rojina ta ce, "Kawu, akwai ruwan sha a hanya?"

"Kilomita goma ma sai an sha ruwa? To, a kos na farko ƙanena yana jiran ku da shayi."

Ni kam tun da sassafe na hau ta tsohuwar hanya da butar shayi, da tulun tsala, da masarar gashi. Abin da ya faru a ƙasa da kan hanya daga baya aka ba ni labarinsa, kuma masu bayarwa sun yi yawa har ba yadda za a ce ƙarya ne.

Aka busa ƙaho. Dambar ya fita kamar an harba shi, yana ture yara da gwiwar hannu. Taku ɗari yana gaba, masu hoto sun ɗauka. A bakin gada mutum arba'in da bakwai suka wuce shi, kowa na cewa, "Sannu Kawu." Da ya iso ƙofar Khadga, ƙurarsu ma ta kwanta. Khadga na zaune a kujera yana shan taba.

"Sannu Soja! Ka tsaya ƙirga su ne?"

"Dabara ce! Ana barin yaro ya gaji tukuna."

"To ka bar su da kyau, don sun kai rabin sa'a da wucewa."

Matakala ɗari bakwai da rarrafe ya gama ta. Matar da ta ƙi shi, yanzu kaka ce mai jikoki shida, tana sheƙar shinkafa a tsakar gida. Ta ga kansa ya ɓullo, sannan tumbi.

"Dambar, shekara talatin kana hawowa? Amsar dai ita ce ta da."

"Ba wurinki na zo ba!"

"To ungo ruwa, kar ka mutu mini a ƙofa a ce ni ce."

Su kuma 'yan birni suna tsakiyar kurmi agogunansu suka fara ƙara, kilomita goma ta cika. Suka duba gabas da yamma, ba ƙofar ayaba, ba makaɗa, sai farar kibiya tana nuna gangare. Suka bi. Sha biyu a rafi. Sha biyar a gadar sama. Kibiya ta ce a hau. Masu wasa da dariya suka yi shiru, sababbin shiga suka fara tambayar ko akwai jif a kusa.

Ni ina can ina jira. Shayi ya huce na ɗumama, ya huce na ɗumama. Na share dakali sau uku ko da yake ba ƙura. A raina ina cewa, Dilmaya, in sun zo wucewa za su yi kamar iska, ki yi haƙuri, yayanki ne. A gefe ga allon da Dambar ya kafa da hannunsa.

Rana ta wuce tsaka sai ga Rojina ta ɓullo, taɓo har gwiwa, leɓe ya bushe. Ta tsaya gaban allon ta karanta a fili: "Kos ɗaya. Saura biyu. Ku ƙara himma. Dambar Bahadur." Ta dubi agogonta.

"Kawu, kilomita goma sha takwas na yi. Allon nan wasa ne?"

"Ba wasa ba ne, 'yata. Da hankici aka auna."

"Da me?"

Na yi mata bayani, har da gumin soja. Ta dubi allo, ta ɗaga kai ta dubi ƙololuwar tsauni inda kibiya ta gaba ke nunawa. Sai ta zauna daɓas a kan dakalin, ta yi ajiyar zuciya mai tsawo.

Na juya baya ina hura wuta. Hayaƙi ya shigar mini ido sosai.

Daga nan suka riƙa zuwa bibbiyu, uku-uku. Kowa ya karanta allo, ya faɗi abin da ya zo bakinsa game da Dambar Bahadur, ya zube a dakali. Suka cire takalma, suka jingina baya da baya, suka shanye shayi, suka kwankwaɗe tsala, masara ko ɓawo ba su bari ba. Wani mai tabarau ya kwanta rigingine yana kallon ganye.

"Baba, wa ya gina wurin nan?"

"Sunan mai shi yana jikin dutsen da ke kanka."

Ya juya ya karanta. "Dilmaya. To wannan baiwar Allah yau ta ceci rai arba'in da bakwai."

A ƙasa kuwa makaɗa sun yi kiɗa har hannu ya kumbura. Ciyaman ya cinye sel roti ya yi barci baki buɗe. Furanni sun yi yaushi, akuya ta fara cin ƙofar ayaba daga ƙasa. Sai ga Kaka Putali da ciyawa.

"Me kuke jira? Ai suna can sama a baje a dakalin Dilmaya kamar shanyar barkono."

"Dukansu?" in ji Kaushila.

"Ban da naki."

Gari ya tashi. Makaɗa suka saɓa ganguna, mata suka ɗauki tukwanen shinkafa da miya da aka dafa wa baƙi, aka kama tsohuwar hanya. Ciyaman ya hau tsauni, takalmin fata a hannu. Kaushila kuwa ta ɗauki babban kwandon da ake kai marar lafiya asibiti, ta ja maƙeri, suka bi fararen kibiyoyi ta baya. A rafi suka same shi, daidai inda ya faɗa ranar awo, zaune cikin ruwa har ƙugu.

"Baban Sarita, me kake yi a nan?"

"Sanyaya jijiyoyi nake. Haka ake yi a bariki."

"Tun yaushe?"

"Ke dai miƙo hannu."

Ana cikin raba shinkafa a gindin bishiya, mutanen gari na tsaitsaye don a bar wa baƙi wurin zama, Ciyaman kaɗai ya samu gefe ya zauna yana matsa yatsun ƙafa, sai ga Kaushila ta ɓullo, igiya a goshi, ta duƙa. A bayanta kwando, ƙafafu biyu na reto, jan wando, lamba ɗaya. Makaɗa an riga an gaya musu da sun ga lamba ɗaya su saki kiɗa. Suka saki. Masu ƙaho suka busa har birai suka watse. Dambar ya ɗaga hannu daga cikin kwando yana amsa gaisuwa.

Rojina ta miƙe da ƙyar. "Kawu, kos uku ka ce mini."

"Uku ne, 'yata. Yaran yanzu ne ba ku da ƙwari."

Kaushila ta juya ta zazzage shi a kan dakali kamar buhun dankali. Ta zare hankicin daga wuyansa, ta ɗaga kowa ya gani, ta matse. Ruwa ya tsiyaya a ƙasa.

"Jama'a, ku shaida. Bai bushe ba. Tun safe mijina ko kos ɗaya bai yi ba."

Dariya ta ɓarke har waɗanda ba su da ƙarfin yi suna riƙe ciki. Khadga ya shaƙe da shinkafa sai da aka buga masa baya. Na matsa kusa da Dambar na ce, "Yaya, na gajiyayyu ne fa."

"Ingancin ginin nake dubawa."

Ciyaman ya tsaya da sarƙar furannin wanda ya zo na ɗaya, yana waige-waige, don ba wanda ya ƙare tseren. Rojina ta karɓa daga hannunsa ta rataya a kan dutsen da ke da suna. Ba wanda ya ce a'a.

Dambar ya samu numfashi. Ya murza gashin baki. "Purna, hamsin na ce maka ko ba hamsin ba? Ƙirga."

Na ƙirga. Baƙi arba'in da bakwai, da Ciyaman, da shi. "Arba'in da tara, Yaya."

"Sake ƙirgawa."

"Ko kai za a ƙirga sau biyu," in ji Kaushila, "ai ka cika wurin mutum biyu."

Sai Kaka Putali ta yi tsaki, ta jingina laujenta da bishiya, ta tako. "Matsa, Dambare. Yarinyar nan Dilmaya ta sha ɗora mini kaya a wurin nan." Ta zauna a hankali, gwiwoyi na ƙara kamar busasshen kara. "In na kasa tashi, ku sa ni a kwandon, shi ya taka."

Ta tashi kuwa, ta riga 'yan birni ma.

Da rana ta faɗa bayan tsauni aka fara sauka ta tsohuwar hanya, baƙi na ɗingishi, suna tambayata ko za su iya dawowa wata Asabar su hau ta nan, miƙaƙƙiyar. Na ce hanya ta kowa ce. Na tsaya tattara kofuna. Inuwa ta daɗe da rufe wurin, amma da na dafa dakalin na ji shi da ɗumi, daga wannan gefe har wancan.

Daga can ƙasa muryar Dambar na tasowa daga cikin kwando. "Da gangan na yi! In ba a gajiyar da su ba, wa zai zauna? Baɗi kos shida za mu yi!"

"Ka rufe baki," in ji Kaushila, "ko in sauke ka ka auna da ƙafarka."

Na ajiye buta. Na zauna a gefen da Dilmaya take jingina kwandonta, kafin ɗumin ya huce.